Amaryar Boko a Jirgin Lusail

Ni ban taɓa zama a aji ba, ban kuma taɓa jin kunyar faɗin haka ba. Bakina ne jarina. A unguwarmu, in ana suna ko biki aka ga mata sun bar tukunya tana ƙonewa sun yi cirko-cirko a ƙofar ɗaki, to ni ce a ciki ina ba da labari. Wannan ma da kuke karantawa da baki na faɗa, hannun wata ya ɗauka, na kuma gargaɗe ta kada ta gyara mini ko wasali. Saboda haka ku san girman abin da aka taɓa ranar da aka kira labarina bogas. Kuma ba bare ne ya kira ba, jikata ce, wadda aka sa wa sunana.

Wankan jego ne ya kai ni Doha. Matar ɗana ta haihu, uwarta ba ta da lafiyar tafiya, sai aka aiko mini. Shi ɗan nawa na fari ne, ba na kama sunansa, kada ku jira. Na ɗaure garin kunu da kanwa da yaji da daddawa, da niyyar in mai jego ta yi arba'in in juyo gida. Ba mu kai arba'in ɗin ba korona ta rufe duniya. Jirage suka tsaya, masallatai suka rufe, aka ce tsofaffi da yara kada su leƙa ko ƙofa.

Gidansu a Madinat Khalifa yake, gida a kan gida, babu tsakar gida, babu zaure, babu inda za ka watsa ruwan wanke-wanke ka ji sanyi a ranka. Ɗana ya mai da teburin cin abinci ofis. Surukata tana karatu mai zurfi, jariri a cinya, littafi a hannu. Sai aka bar ni da takwarata, shekararta bakwai a lokacin, siririya, idanu kamar na mage, baki kuwa nawa ta ɗauko. Makarantarta ta koma cikin wani allon gilashi. Wani tsohon Bature mai gemu, mutumin Amurka, shi ke fitowa a ciki yana koya musu, duk abin da ya faɗa kuwa sai ta kwashe ta zo tana juye mana.

Da farko mun yi daɗi. In ta rufe allon sai ta zo ta kwanta a cinyata, ni kuma in buɗe mata tatsuniya. Hausarta gurguwa ce, amma tana tafiya. Kura ta sha duka a ɗakin nan, dila ya sha ƙarya, yarinya ta sha dariya.

Ran nan ta ga doki a allonta, ta ce, "Kaka, kin taɓa hawa doki?"

Na ce, "Ni? Ai gari guda ya taɓa bin bayan dokina."

Na gyara zama na ba ta. Ina kamar shekarunta aka yi bikin 'yar gwaggona, aka zaɓe ni amaryar boko. Aka yi mini wanka, aka ƙunsa mini lalle, aka ɗaura mini zanen saƙi da ya fi ni nauyi, aka lulluɓe ni ruf, aka ɗora ni a kan doki bayan la'asar. Makaɗa a gaba, masu guɗa a baya, yara a kan katanga, duk idon garin a kaina. Ita kuwa amaryar gaske, tsofaffi biyu suka bi da ita ta bayan gari, a ƙafa, shiru, har ɗakinta, ba wanda ya kalle ta. Kawuna ne ya ja mini linzami, mai kunne ɗaya da rabi, jaki ya cije shi yana yaro. Da muka isa ƙofar gidan ango na ƙi sauka sai da aka cika mini hannu da alawa.

Wannan ba tatsuniya ba ce. Tatsuniya kowa ya san ƙarya ce, a ƙarshenta ma da bakinmu muke faɗi. Wannan rayuwata ce na ciro na miƙa mata.

Ta ɗago kai ta ce, "Ina hoton?"

"Wane hoto, takwara? Mai hoto a lokacin sai birni."

Ta juya idanu sama, ta ce, "Bogas." Ta sauka daga cinyata ta tafi.

Ban yi boko ba, amma kunnena ba na ado ba ne. Na ji ƙamshin bogi a cikin kalmar nan, irin bogin da muke cewa likitan bogi, gwal na bogi. Na ƙwala wa ubanta kira.

"Kai, zo nan. Mene ne bogas?"

Ya tsaya yana sosa ƙeya. "Wa ya faɗa, Hajiya?"

"Uwarka ƙarama. Na ba ta labari ta ce bogas."

"Au, ai yabo ne. Bogas abu ne babba, mai faɗi. Kamar a ce babbar riga ta yi wa mutum yawa, ko ɗaurin ɗankwali ya tashi sama. Haka ake cewa a Legas, har a Kano ma. Tana nufin labarin ya yi girma."

Surukata ta sunkuyar da kai kan jariri kamar mai neman ƙwarƙwata. Na gani, amma ɗana ne ya yi magana, na karɓa.

Duk da haka sai da na gwada. Mai gadin gidanmu mutumin Katsina ne, dattijo-dattijo, ina aika masa tuwo ranar Juma'a don ya tuna yana da gida. Ranar Salla na hango shi ta taga ya sha wata babbar riga yana ta naɗe hannu. Na leƙa na ce, "Malam, wannan riga bogas!"

Ya yi dariya har takunkuminsa ya zame. "Wallahi Hajiya bogas ce. Tela ya ɗinka mini ta mutum biyu, ko ya zaci Qatar ƙiba take sawa."

Shi ke nan, shaida biyu. Na ɗauki kalma na sa a bakin zanena. In na tuƙa tuwo na kwashe malmala, in ce ga ta nan bogas. In ɗana ya kawo kankana daga kasuwar Abu Hamour, in buga ta in ce bogas. In jariri ya cika ƙunzugu, bogas. Duk lokacin da na faɗa sai takwarata ta faɗi ƙasa tana dariya, ni kuma ina ta washe baki, na zaci Turancina ne ya burge ta.

Abin da na lura da shi, ta daina zuwa cinyata. In na ce, "Takwara, zo ki ji," sai ta ce, "Khalas, Kaka," wato ya isa haka da Larabcinsu, ta manne da allonta. In na yi mata Hausa ta amsa da Turanci. Na ɗauka girma ne.

Aka buɗe gari kaɗan-kaɗan, sai wayarka ta nuna kore, alamar ba ka da cutar, kake shiga kanti. Jirage suka tashi. Na ce zan tafi, suka roƙe ni in tsaya har surukata ta gama karatu, don angona ƙarami ya fara rarrafe kuma ba ya yarda da kowa sai ni. Na tsaya. Makaranta ta buɗe, sai muka gane zaman ɗakin nan ya yi wa takwarata wani lahani da ba a gani. Yarinyar da baki ba ya mutuwa a gida, in ta ga taron mutane sai ta bushe. In baƙo ya shigo lif tare da mu, sai ta juya fuska bango ta riƙe numfashi. Uwarta ta ce zai wuce.

Haka muka kai shekarar ƙwallon duniya. Gari ya cika da tutoci, har sandunan fitila aka yi wa ado. Namu ba su samu zuwa ba, amma hakan bai hana mazan gidanmu haukacewa ba. Wata Juma'a na sauka da kaina na kai wa mai gadi tuwo, na tarar da shi ya yi tagumi.

"Lafiya, Malam?"

"Ƙanena ne, Hajiya, direba ne a garin nan. Wani ya sayar masa da tikitin kallon ƙwallo ta waya, ashe bogas ne."

Na ce, "To ai sai ya gode wa Allah, babba ya samu."

Ya dube ni. "Hajiya, na bogi. Jabu. Babu shi sam."

"Ba kai ka ce rigarka bogas ba ce?"

"Wancan Turancin gida ne, Hajiya. Mu ne muka mai da shi babba. A wajen masu abin, ƙarya ake nufi."

Ban hau lif ba ranar. Ta matakala na bi, ina hawa ina tuno kowace malmalar tuwo, kowace kankana, kowace dariyar da yarinyar nan ta yi tana birgima. Ashe ba Turancina take wa dariya ba. Tsohuwar da ta kira maƙaryaciya ce take yawo da zagin a baki tana rabawa kamar goro.

Na bari sai da aka zauna cin abinci. Na ce, "Takwara, dube ni. Da Hausa za ki amsa. Mene ne bogas?"

Ta kalli ubanta. Na ce, "Ba shi na tambaya ba, shi na riga na ji tasa."

Ta ce, "Ƙarya. Abin da ba gaske ba. Ko kuma... in malam ya ba mu aikin gida ranar Alhamis, muna cewa bogas, ba adalci."

"To labarin dokina wanne ne a ciki?"

Ba ta sunkuyar da kai ba. Na ce muku jinina ce. Ta ce, "Kaka, babu amarya ta ƙarya. Kuma kin ce boko, ke kuma ba ki yi boko ba. Kuma babu hoto."

Ubanta ya daka mata tsawa, na ɗaga masa hannu. "Kai yi mini shiru, tela mai ɗinka wa magana babbar riga. Ita ta fi ka, ta faɗi abin da ke ranta." Na juya gare ta. "Na yi aure, na haihu, na binne miji, na aurar da 'ya'ya, ba wanda ya taɓa ce mini kawo hoto. Daga yau bakina ya rufe a gidan nan. Ki je allonki ya ba ki labari, shi mai hoto." Na ce wa ubanta ya nemo mini jirgi. Ya ce babu wuri sai an gama ƙwallo. Na ce to ranar da aka gama, washegari ina hanya.

Na kuwa rufe. In angona ya yi kuka in goya shi in yi masa waƙa can ƙasa-ƙasa, amma labari ko na ƙadangare ban ƙara bayarwa ba. Kada ku zaci da sauƙi. Mai labari in ta yi shiru, cikinta ne ke kumbura. Kuma a ƙasan fushin akwai abin da ya fi shi ciwo: zan koma gida, yarinyar da ke ɗauke da sunana za ta girma a ƙasar mutane tana cewa kakarta wata tsohuwa ce mai shara ƙarya.

Surukata ce ta nemi sulhu, ta hanyar da ta iya. Ta zo ɗakina da wayarta ta durƙusa.

"Hajiya, na bincika kalmar nan. Su kansu masu ita ba su san inda ta fito ba."

"Shegiya ce ke nan."

Ta danne dariya. "Wasu sun ce sunan wani injin ne da ake buga kuɗin jabu da shi a Amurka, can da daɗewa. Wasu sun ce daga sunan wani dodonsu ne da ake tsorata yara. Wasu sun ce daga tuƙar rake ne, abin da ya rage in an matse ruwan. Wasu kuma, Hajiya..." Ta ɗan tsaya. "Wasu sun ce daga Hausa ne. Wai mutanenmu da aka kwasa aka haye teku da su, su suka tafi da boko, ya zama bogas a bakin Turawa. Amma ba a tabbatar ba."

Ɗana yana bakin ƙofa, ya ce, "Ina! Boko ai daga kalmar Turawa ta littafi aka samo shi."

Na ce, "Kakata ta yi amaryar boko tun ba ta taɓa ganin Bature ba. A wane littafi ta hau doki?"

Ya ce shi dai haka aka koya masa. Har yau bai sauka ba, ni ma ban sauka ba. Surukata ta ce masana ma suna ta ja. Na ce su ja, ni na san ɗan gidanmu in na gan shi. Boko ne ya tafi ci-rani, ya haye ruwa, ya sa wando, ya dawo ta cikin allon gilashi yana zagina a gaban jikata. Wani reshensa ya biya ta gida ya zama bogi, wani ya sauka Legas ya yi ƙiba. Duk zuri'a ɗaya ce, kuma na girme su.

Takwarata tana falo, allo a hannu, amma na lura allon a kashe yake.

Ana saura kaɗan a gama ƙwallo ɗana ya ce ba zan bar ƙasar ban ga Lusail ba, inda yake aiki, inda aka ƙawata titi ana ta shagali. Ya ce shi zai jira mu can da yamma, mu hau jirgin ƙasa. Na ce in dai fita ce ta ƙarshe, to za su san na fita. Na ciro atamfata kore shar, na kafa ɗauri da ya kusa taɓa saman ƙofa, na yafa mayafi mai faɗin tabarma, na zuba awarwaro. Uwarta ta sa wa takwarata irin atamfar, riga da zane da ɗan ɗankwali. Ta yi kyau kamar a sace.

Jirgin ya cika maƙil. Wasu sun shafa fenti a fuska, wasu da ganguna, wasu da huluna kamar tukunya, kowa yana ihu da yarensa. Wata mata ta ba ni kujera. Surukata tana tsaye da goyo, takwarata ta manne a gefena. Sai wata Baturiya ta hango ta, ta yi ƙara, ta ɗaga waya. Kafin ka ce kwabo wayoyi sun kewaye yarinya. Ba mugunta ba ce, sha'awa ce. Wannan ya durƙusa a gefenta, wancan yana taɓa ɗankwalinta, ana ce mata ta yi murmushi. Uwarta tana ba su haƙuri da Turanci, hayaniya ta cinye muryarta.

Na ji hannu ya damƙe zanena. Na duba. Yarinya ta bushe. Wata da watanni ba ta taɓa ni ba sai ranar.

Na ce wa surukata, "In na tashi, ja ta ku bi ta bayana, ku tafi can ƙarshe wajen ƙofa. Kada ku yi sauri."

Na miƙe. Na buɗe mayafina da hannu biyu ya zama katanga. Na kama hanci na rangaɗa guɗa, irin wadda ban yi ba tun auren autata. Jirgin nan ya yi tsit. Sai daga can wasu matan Maroko suka amsa mini da tasu. Na ƙara. Na ɗaga murya na kama waƙar kai amarya ta garinmu, ina taka ƙafa, awarwaro suna amsawa, mai ganga ya laluɓo kiɗan ya bi ni. Duk wayar da ke cikin jirgin nan ta juyo kaina. Wani ƙato ya ɗora mini hularsa a kan ɗaurina, na cire na miƙa masa, na ce, "Kai, ɗan nema, ba a hawa kan sarauta." Bai ji ba, ya yi ta tafi. Suna ta "Mama! Mama! Yalla, Mama!" Ni kuwa ina juyi ina leƙen ƙasan hannuna, har na ga ɗan ɗankwali kore ya isa bakin ƙofa, ba wanda ya kalle shi.

Gwiwoyina sun biya kuɗin rawar nan, amma ban zauna ba sai da jirgi ya tsaya.

Muka fita, muka sami wani benci nesa da taro muna jiran ubanta. Uwarta ta ba ta ruwa. Na zauna ina haki, ina gyara ɗauri, ban dube ta ba. Ni na ce bakina ya rufe, kuma ba ni zan fara buɗewa ba.

Can sai na ji murya ƙasa-ƙasa, da Hausa.

"Kaka."

"Na'am."

"Sun ɗauka ke ce abin kallon."

"Sun ɗauka. Wasu ma sun san ba ni ba ce, suka bi ni duk da haka. Haka ake yi. Ido yana da nauyi, takwara, ba kowa ke iya ɗaukarsa ba. Shi ya sa ake ɗora wata a kan doki."

Ta murza bakin zanenta. Ba ta ce in yi haƙuri ba, ban kuma nema ba. Sai ta ce, "Dokin wane launi ne?"

Na bar ta ta jira kaɗan, don ta san kaya na da tsada. Sannan na ce, "Kili ne, fari mai duhu-duhu. Wani maƙwabcinmu ne ya ja mini linzami."

Ta zabura. "A'a! Kawunki ne. Mai kunne ɗaya da rabi. Jaki ya cije shi."

Na juyo na dube ta sosai. Shekara biyu da ɗoriya tana riƙe da kunnen kawuna a cikinta, 'yar banza, tana ce mini khalas.

Na ce, "Au, ashe labarin bogas ma ana ajiye shi?"

Ta matso ta ɗora kai a cinyata, a gaban duk mutanen Lusail. Ta kalli sama ta ce, "Kaka, ɗankwalinki ne bogas."

"Wanne daga ciki? Na ubanki ko na malaminki?"

"Na Baba."

Na ce, "To gyara kwanciya. Daga wanka za mu fara, kuma in kika tambaye ni hoto sai na mare ki."